Jingar da Ba a Dubawa: Yadda Ake Kayar da Ɗalibin Lissafi Tun Kafin Ranar Jarrabawa

A mafi yawan jami'o'in Nijeriya akwai kwas guda da ɗaliban kimiyya da na injiniyanci ke ambata cikin fargaba, wanda ake yi wa lamba MTH 201 a shekara ta biyu. A cikinsa ne ɗalibi ke fara haɗuwa da kalkulas na abubuwan da sauyinsu ya rataya a kan dalili fiye da ɗaya. Duk lokacin da aka liƙa sakamako, aka ga tsawon jerin waɗanda za su maimaita, hukuncin da manya ke yankewa ba ya sauyawa: yaran yanzu ba sa karatu, waya ta cinye su. Sai nasiha ta biyo baya, a tsara jadawalin karatu, a rage yawo, a dage.

Wannan hukunci barin jaki ne ana dukan taiki. Kalkulas irin wannan ba ya shiga kai ta hanyar sauraro, ko ta kallon malami yana cika allon bango da rubutu. Hanyarsa ita ce ɗalibi ya zauna da tambaya, ya gwada, ya yi kuskure, wani da ya fi shi sani ya nuna masa inda ya kauce, a kuma maimaita hakan kowane mako daga farkon zangon karatu har ƙarshensa. Matakin nan na duba aikin ɗalibi a mayar masa da gyara shi ne jami'o'in gwamnati suka bari ya mutu a hannunsu, suka ci gaba da ba da abin da suke kira jinga kamar babu abin da ya faru. Jingar da ba a duba ba, ba a mayar wa mai ita ba, sunan jinga kawai gare ta, kuma jami'ar da ke karɓar irinta ta ba da maki a kanta ba ta da bakin zargin ɗalibi da lalaci.

Inda hadda ke ƙarewa

A shekarar farko ɗalibi yana hulɗa da abu ɗaya da ke sauyawa bisa dalili ɗaya, kamar nisan da mota ta ci bisa lokacin da ta ɗauka. Zanensa layi ne a kan takarda, ƙa'idojinsa kuma ba su da yawa. Mai kaifin hadda zai iya haddace su ya tsallake jarrabawa da ƙarancin fahimta. A shekara ta biyu layin nan yana zama fili mai tudu da kwari. Zurfin ruwan madatsar Goronyo ya danganta da inda mutum ya tsaya, gabas ko yamma, kudu ko arewa. Mai son sanin yawan ruwan da ke ciki sai ya yanka faɗin tafkin ƙananan murabba'ai, ya ninka faɗin kowane da zurfinsa, ya tara. Wannan shi ne tarawa mai ninki biyu. Manomin albasa a fadamar Rima da ke da kuɗi ƙayyadaddu, yana son raba su tsakanin taki da man injin ban-ruwa yadda zai fi samun amfani, irin matsalarsa ce dabarar Lagrange ke warwarewa. Injiniyan da zai haƙa magudana a unguwa yana neman fuskar da gangare ya fi tsanani, kuma kwas ɗin yana koyar da yadda ake gano ta.

A ɗauki ƙaramar tambaya irin wadda ake ba ɗan shekara ta biyu: a nemo faɗin filin da ke tsakanin miƙaƙƙen layin y = x da lanƙwasar y = x². Sun haɗu a wuri biyu, inda x yake 0 da inda yake 1. Wanda ya fara tarawa ta fuskar y zai ɗauki y daga x² zuwa x, sannan x daga 0 zuwa 1. Wanda ya fara ta fuskar x dole ya ɗauki x daga y zuwa √y, sannan y daga 0 zuwa 1. Amsar ɗaya ce, ɗaya bisa shida, amma iyakokin sun sauya, kuma babu ƙa'idar da za a haddace ta faɗa wa mutum iyakokin. Sai ya zana filin da hannunsa ya gani da idonsa. Kuskuren da aka fi yi a nan sananne ne ga duk mai koyar da fannin: ɗalibi ya juya tsarin tarawar, ya bar iyakokin yadda suke. Jan biro zai gyara wannan cikin rabin minti. Idan ba a gyara ba, ɗalibin zai ɗauke shi zuwa tarawa mai ninki uku, ya shiga da shi ɗakin jarrabawa yana ganin a kan daidai yake.

Haka batun sirdi. A shekarar farko ɗalibi ya saba da cewa inda gangare ya zama sifili, galibi can ne ƙololuwar tudu ko ƙasan kwari. A fili mai fuska biyu akwai wani wuri na daban mai siffar sirdin doki: daga gaba zuwa baya tsakiyarsa ce mafi ƙasa, daga hagu zuwa dama kuma ita ce mafi sama. Wanda bai taɓa faɗawa wannan tarko a jinga an fitar da shi ba, zai faɗa masa a jarrabawa. Ɗaya daga cikin manyan ƙa'idojin wannan fanni ma, ƙa'idar Stokes, ta fara fitowa a buge ne a matsayin tambayar jarrabawa a Jami'ar Cambridge ta Ingila a 1854, kuma cikin waɗanda suka zauna mata akwai James Clerk Maxwell, wanda daga baya ya tsara lissafin lantarki da maganaɗisu. Da tambayoyi aka yi renon fannin tun asali.

Awoyin da ba su da mai su

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, tana auna nauyin kwas da yunit. Yunit ɗaya na nufin awa ɗaya ta lakca a kowane mako, tsawon mako 15. Daga Amurka aka aro tsarin, kuma a can ma'anarsa tana da rabi na biyu: kowace awa ɗaya a aji tana tafiya da aƙalla awa biyu na aikin da ɗalibi zai yi shi kaɗai. Kwas mai yunit uku ke nan yana da awa 45 a aji da awa 90 a waje. Nijeriya ta ɗauko rabin farko ta yi masa hidima. Awa 45 ɗin suna da jadawali, da ɗaki, da takardar sa hannu, da dokar halarta. Awa 90 ɗin, inda ainihin koyon yake, babu ofishin da ke tambayar yadda aka yi da su.

A dubi ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke kwana a Gidan Dare, cikin birnin Sakkwato, alhali darussansa suna matsugunin jami'ar da ke Dundaye, ƙetaren gadar Kwalkwalawa. Idan yana ɗauke da yunit 20 a zango, bisa wancan ma'auni makonsa na karatu awa 60 ne. Ba a sa lokacin jiran mota safe da yamma ba, ba a sa zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40 ba, ba a sa daren da babu wuta ba, ballantana aiken gida ko tsaron shagon da wasu ke yi don su sami kuɗin motar. Mai ƙarancin lokaci irin wannan, babbar buƙatarsa ita ce a faɗa masa takamaimai abin da zai kashe ɗan lokacin a kai. Jadawalin da aka rubuta "Talata, ƙarfe takwas zuwa goma: lissafi" bai faɗa masa komai ba. Zai buɗe littafin rubutunsa, ya karanta misalan da malami ya riga ya warware, ya ji kamar ya gane, ya rufe. Jinga ta mako-mako ita ce tsarin karatun gaskiya: tambayoyi kaza, a kan babi kaza, a miƙa ranar kaza. Ɗan shekara goma sha tara da bai taɓa ganin fannin ba, ba shi da yadda zai san tambayoyin da suka fi muhimmanci cikin ɗaruruwan da ke ƙarshen babi. Zaɓo su aikin malami ne.

Yajin aiki ya ƙara dagula lissafin. Na 2020 ya ɗauki wata tara, na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Bayan kowane ɗaya jami'o'i kan matse kalanda don su cim ma abin da ya wuce. Lakca ba ta faɗuwa, sai dai a ninka ta a rana ɗaya. Abin da ke fara faɗuwa shi ne zaman warware tambayoyi da duba jinga, saboda babu wanda zai lura da rashinsu.

Yadda jinga ta zama rabon maki

A ƙa'ida, maki 30 ko 40 cikin 100 na kowane kwas suna fitowa ne daga aikin da ɗalibi ya yi cikin zango. Manufar ita ce a riƙa auna shi a kai a kai. Duk wanda ya ratsa jami'ar gwamnati ya san abin da wannan ya koma a manyan azuzuwa: gwaji ɗaya da jinga ɗaya, sau da yawa a makonnin ƙarshe. Mutum biyu ko uku a aji su warware, a ɗauki hoton takardunsu, a watsa a zauren WhatsApp, sauran su kwafa har da kurakuran. Wakilin aji ya tattara ya kai ofis. Daga nan ɗalibi ba zai sake ganin takardarsa ba. Abin da zai gani lamba ce a jikin allon sanarwa, idan ma ya gani.

Ɓarnar wannan al'ada ta wuce ta rashin amfani. Ɗalibin da ya sami takwas cikin goma a jingar da ya kwafa yana shiga jarrabawa da ƙarfin gwiwar da ba shi da tushe. Malamin kuma yana koyarwa ne a makance, don bai san cewa rabin ajinsa sun ɓace tun mako na huɗu ba, sai ya ɗauki takardun jarrabawa, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. Mafi muni, jami'a tana koya wa matashi da aikinta cewa takarda ana cika ta ne don a miƙa, ba don wani ya karanta ba. Wannan matashin ne gobe zai sa hannu a kan lissafin ƙarfen gada ko rahoton gwajin ƙasa. Mai mamakin yadda ake sa hannu a kan takardun da ba a karanta ba a ma'aikatu, ya waiwayi inda aka fara koyon hakan.

A ƙarshen zango sai karatun kwana-zaune, ɗalibai su cika azuzuwa da tocila har asuba, suna haddace amsoshin tambayoyin shekarun baya. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma tsarin da bai nemi komai daga mutum ba tsawon mako goma sha biyu, sannan ya nemi komai a rana ɗaya, shi ya sa shi fafewa a ranar.

Kada a ɗora wa allo laifi

Wasu 'yan boko suna da bayanin da suke jin daɗin maimaitawa: wai ɗan Arewa ya taso da hadda tun daga makarantar allo, shi ya sa yake haddace lissafi maimakon ya fahimta. Wanda ya faɗi haka bai zauna ya kalli yadda makarantar allo ke aiki ba. Almajiri yana rubuta allonsa, ya kawo gaban malam, malam ya bi shi harafi bayan harafi, ya gyara wasalin da ya kauce. Ba ya wanke allon sai ya biya an gamsu. Kullum ana duba aikinsa, kullum ana mayar masa da gyara, ba a kuma ƙara masa sai na baya ya zauna. Idan almajirai suka yi wa malam yawa, gardawa ke zama da ƙananan. Tilawa kuma tana dawo da shi kan abin da ya wuce don kada ya zube. Aiki kaɗan-kaɗan a kowace rana, gyara nan take, manyan ɗalibai su taimaki ƙanana, a riƙa komawa baya: duk abin da ajin MTH 201 ya rasa, makarantar allo tana da shi, ba tare da kasafin kuɗi ba.

Ko a fagen lissafin kansa, zaurukan ilimi na Sakkwato ba su taɓa yarda cewa haddar ƙa'ida ta wadatar ba. Mai koyon rabon gado yana haddace kason kowa, amma malam ba ya sallamarsa sai ya jefa masa mas'aloli. Mutum ya rasu ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da uwa, da uba. Matar tana da ɗaya bisa takwas, 'ya'yan biyu bisa uku, iyayen kowane ɗaya bisa shida. Idan aka mayar da su kan asali 24, za a sami 3 da 16 da 4 da 4, jimla 27. Kason ya fi dukiyar. Wanda hadda kawai gare shi a nan zai tsaya. Wanda aka horar da mas'aloli ya san asalin ne zai tashi daga 24 zuwa 27, kowa ya ɗan ragu. Ƙasar Hausa da ta fitar da Muhammad ibn Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi rubutu a kan lissafin hatimai a 1732 ya rasu a Alƙahira a 1741, ba baƙuwar lissafi ba ce. Laifin yana wuyan jami'ar da ta yar da gyaran allo ta riƙe haddar kawai.

Abin da bincike ya tabbatar

A tsakiyar shekarun 1970, wani malamin lissafi a Jami'ar California da ke Berkeley, Uri Treisman, ya so sanin abin da ya sa baƙaƙen fata ɗalibai ke faɗuwa kalkulas da yawa alhali 'yan asalin Sin suna ci. Abokan aikinsa sun riga sun tanadi amsoshi: rashin himma, raunin makarantun baya, talauci. Ya ɗauki ɗalibai ashirin daga kowane ɓangare ya bi rayuwarsu. Ya tarar baƙaƙen fatar suna da himma, suna kuma ba karatun lokaci, sai dai kowa shi kaɗai yake yi. 'Yan Sin ɗin kuwa bayan kowa ya yi nasa, sukan haɗu su duba aikin juna, su yi gardama a kan amsa, su gano kuskure tun yana ɗanye. A 1978 ya kafa zaman da ɗalibai ke warware tambayoyi masu wuya a ƙananan rukunai ƙarƙashin kulawar wanda ya fi su sani, faɗuwar kuma ta ragu ƙwarai, har jami'o'i da dama suka kwaikwayi tsarin. Abin lura shi ne, zargin da aka yi wa waɗancan ɗalibai shi ne ake yi wa na Sakkwato da Zariya a yau.

A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara sakamakon bincike 225 a kan darussan kimiyya da injiniyanci da lissafi. A azuzuwan da lakca kawai ake yi, kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai ke faɗuwa. A waɗanda ake sa ɗalibai aiki da hannunsu, kusan kashi 22. Tun 1885 kuma Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka koya yana zubewa da sauri a kwanakin farko, kuma maimaitawar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya. Babu ɗaya cikin waɗannan da yake sabo ko ɓoyayye. Suna cikin abin da sassan koyar da ilimin malanta na jami'o'in nan ke karantarwa.

Uzurori biyu

Uzuri na farko yana da nauyi, ya kuma cancanci a saurare shi: malamai sun yi kaɗan. Ma'aunin NUC shi ne malami ɗaya ga ɗalibai 20 a kimiyya, ɗaya ga 15 a injiniyanci. Kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta a 2012 don tantance buƙatun jami'o'in gwamnati ya tarar da wuraren da malami ɗaya ke fuskantar ɗalibai sama da ɗari. Kwas kamar MTH 201 ya fi kowane jin jiki, domin sashen lissafi ne ke koyar da shi ga 'yan sassa da dama a ɗaki ɗaya. Alawus ɗin aikin da ya wuce ƙima, wanda ke cikin yarjejeniyar 2009 tsakanin gwamnati da ASUU, shi kansa ya zama abin yajin aiki shekara da shekaru. Babu mai adalcin da zai ce mutum ɗaya ya duba takarda ɗari uku kowane mako.

Amma wa ya ce sai mutum ɗaya? A ƙaddara aji mai ɗalibai 300, kowace takarda tana cin minti biyar. Awa 25 ke nan a mako, abin da ya fi ƙarfin malami. A raba wa mutum goma daga cikin ɗaliban digiri na biyu da zaƙaƙuran 'yan shekarar ƙarshe, kowa ya ɗauki takarda 30: awa biyu da rabi. Ba ma dole ne a duba duk tambayoyin ba. A ba da shida, a zaɓi biyu a duba ba tare da an sanar da waɗanda za a zaɓa ba, a liƙa cikakkiyar warwarar sauran. Haka manyan jami'o'in duniya ke tafiyar da azuzuwan da suka fi waɗannan girma, haka kuma alarammomi ke yi da gardawansu. Ɗan ihsanin da za a ba mutum goma a zango bai kai kuɗin kujerun ɗakin lakca ɗaya ba. Sai dai ɗakin lakca ana yanka masa kyalle, a manna masa allon tunawa da sunan wanda ya buɗe, jingar da aka duba kuwa ba ta da bikin buɗewa. A nan ne zaɓin shugabannin jami'o'i yake bayyana.

Uzuri na biyu sabo ne: wai jinga ta mutu tunda ChatGPT da WolframAlpha suna warware tambaya cikin daƙiƙa. Gaskiya ne suna warwarewa. Amma jingar da suka kashe ita ce wadda dama kwafa ake yi. Sun sauƙaƙa aikin da hoton WhatsApp ke yi ne kawai. Maganin a bayyane yake, kuma tsoho ne. A rage makin jingar kanta, a ɗora makin a kan gwajin minti goma a farkon zaman warware tambayoyi, inda za a ɗauko ɗaya daga tambayoyin makon a ɗan sauya lambobinta, a amsa babu waya. A kira mutum biyu su fito allon bango su yi bayanin abin da suka rubuta. Wanda na'ura ta yi masa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda kuwa ya yi da kansa sannan ya yi amfani da na'urar don ya duba amsarsa ko ya ga zanen fili mai fuska uku, ya sami mataimaki.

Kafin jami'a ta farka

Ɗalibin da ke Gidan Dare yau ba zai jira majalisar jami'a ta zauna ba, don haka dole ya gina wa kansa abin da aka hana shi. Tun makon farko ya nemi jerin batutuwan kwas ɗin, ya raba su a kan makonnin da ke akwai na haƙiƙa, ya bar biyun ƙarshe don bita. Ya auna karatunsa da yawan tambayoyin da ya warware littafi a rufe, kada ya auna da awoyin da ya zauna. Tambaya uku ko huɗu bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, kwana biyar a mako, sun fi dare biyu na kwana-zaune. Kowace tambayar tarawa ya fara ta da zane. Cikin tambayoyin kowace rana ya sa ɗaya daga babin da ya wuce mako biyu ko uku, domin jarrabawa ba ta faɗa wa mutum babin da tambaya ta fito. Ya nemi abokai biyu ko uku, kowa ya yi nasa shi kaɗai tukuna, sannan a haɗu sau ɗaya a mako a musanya takardu a duba da jan biro. Ya ware shafuka a bayan littafinsa inda zai riƙa rubuta kuskuren da aka kama masa da dalilinsa. Waɗannan shafuka ne zai karanta daren jarrabawa. Tambayoyin shekarun baya ya ajiye su sai ƙarshe, ya zauna musu da agogo. Idan azumi ko bikin salla ya faɗo cikin zango, ya lissafa da su tun farko.

Wannan duka dabarar tsira ce, kuma ba ta sauke wa jami'a nauyinta ba. Ɗalibin da ya fi buƙatar gyara shi ne wanda bai san yana kuskure ba, shi ne kuma mafi ƙarancin yiwuwar ya nemi rukuni da kansa. A Disambar 2022 NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, CCMAS, wadda ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. An sha muhawara a kan abin da za a koyar. Muhawarar da ta rage ita ce ta wanda zai duba ko an koya.

Masu karanta wannan shafi su ne iyaye da yayyen waɗannan ɗalibai, su ne tsofaffin ɗaliban da ake gayyata taron tara gudummawa, wasunsu suna zaune a majalisun jami'o'i da tawagogin tantance kwasa-kwasai. Tawagar tantancewa tana ƙirga kujeru da littattafan laburare. Ta ƙara da neman ganin jingar mako na biyar da jan biro a jikinta, da shaidar cewa ta koma hannun mai ita. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ke shirin gina ƙofa ko sayen mota, ta tambayi nawa ne kuɗin masu duba jinga goma na shekara ɗaya. Uban da ɗansa ya dawo da faɗuwa a MTH 201 kuma, kafin ya ƙwace wayar, ya tambaye shi sau nawa aka mayar masa da takardarsa da gyara a cikin zangon. Idan amsar ita ce ko sau ɗaya, to ya san ofishin da zai kai ƙorafinsa.